Filin Tambaya da Amsa: Shin kansila na iya sama wa talaka gida a Maradi?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili tun bayan damina sun fi karkata ga batun muhalli, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya zaga cikin gari ya ga bangayen da suka jiƙe da waɗanda suka kwanta. Na tsamo guda uku da suka taɓo kujerar kansila da abin da take iya yi wa mai neman wurin sa haƙarƙarinsa. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani tela a unguwar Zariya

“Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne, ina haya a ɗaki biyu, ni da iyalina mu bakwai. Lokacin zaɓen 2020 wani mai neman kujerar kansila ya zo shagonmu, ya sha shayi tare da mu, ya ce in Allah ya ba shi nasara zai sa a gina gidaje masu rahusa domin irinmu. Ya ci zaɓe, ya yi zamansa har aka rushe majalisa, ko tubali ɗaya ban gani ba, mai gida kuma ya ƙara mini kuɗin haya har sau biyu. Yaudararmu ya yi, ko dama abin ba a hannunsa yake ba?”

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam tela. Abin da ke cikin zuciyar mutumin nan Allah kaɗai ya sani, amma abin da ke cikin doka zan iya faɗa maka, kuma in ka ji shi kai da kanka za ka auna alkawarin da aka yi maka a kan kofin shayi.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 talakan Nijar ya fara zaɓen kansiloli a duk faɗin ƙasa. A watan Satumba na 2010 aka fitar da kundin da ya tsara aikin ƙananan hukumomi, aka kuma ba Yamai da Maradi da Tawa da Damagaram matsayi na musamman na manyan birane, inda aka raba Maradi da'ira uku. Wa'adin kansila shekara biyar ne. Majalisa tana zaman al'ada duk wata uku, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke duba yadda magajin gari ya kashe na bara, ita kuma ke tattauna yankan filaye kafin takardun su wuce ga hukumomin tsara birane na ƙasa. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki suna da kujera a zauren, suna ba da shawara amma ba su kaɗa ƙuri'a. Shi kansila ɗaya, abin da ya mallaka a duk wannan shi ne bakinsa da ƙuri'arsa guda. Ba shi da asusu nasa, ba ya sa hannu a kwangila, ba kuma shi ke ƙayyade kuɗin haya tsakaninka da mai gidanka ba. Saboda haka wanda ya ce maka shi zai gina gidaje ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, ko da sani ko da rashin sani. Sannan majalisar da aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 ba ta cika wa'adinta ba, domin a farkon Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, suka naɗa kantomomi.

To amma kada wannan bayani ya wanke shi tas, domin akwai wurin da bakin kansila yake da nauyi ƙwarai, shi ne maganar ƙasa. A garuruwanmu tsadar gida daga fili take farawa. Idan aka tashi yankan sababbin filaye, abin da muke kira lotisma, a zauren majalisa ake iya tambaya: kare (wato fuloti) nawa za a fitar, nawa za a ba masu gonaki diyya, nawa aka ware wa makaranta da asibiti da kasuwa, a kan wane farashi za a sayar, kuma wa zai fara samu? Kowa ya san cewa ƙananan hukumomi da yawa a ƙasar nan sun daɗe suna jingina da kuɗin sayar da filaye domin biyan albashi da bashi, saboda harajin da ake tarawa ba ya isa. Wannan daidai yake da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo. Filin da aka sayar yau ba ya dawowa, yawanci kuma yakan faɗa hannun mai kuɗin da zai saye goma ya kewaye su ya jira farashi ya tashi, shi kuma tela irinka ya zo daga baya ya saya a hannu na uku, in ma ya iya. Kansilan da ya tsaya ya ce lallai a keɓe wani kaso na kowane yanka domin masu ƙaramin ƙarfi, a ba su damar biya kaɗan-kaɗan, a kuma kai famfo da hanyar ruwa kafin a raba takardu, ya yi wa talaka aikin gida ko da bai taɓa riƙe cebur ba. Wannan ita ce tambayar da ta kamata ka yi wa mutumin naka in kun haɗu: sau nawa ya yi wannan magana a zaure, kuma da ya yi, ina ƙuri'arsa ta faɗa?

Mu a Maradi bai kamata a koya mana muhimmancin wurin da ake kafa gida ba. Tsohon garin a cikin fadama yake, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye shi, aka kwashe mutane aka hau da su tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu da muke bi har yau. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 267,249 a birnin, kuma duk wanda ya san inda gari ya tsaya a wancan lokaci ya san inda ya kai yanzu. Ranar 30 ga Agusta 2024 ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, aka rasa rayuka aƙalla 15, gidajen ƙasa suka zube. Gidan da aka gina da arha a kan hanyar ruwa ba arha ba ne, domin mai shi zai biya kuɗinsa sau biyu, wani ma da ransa.

Tambaya daga wata malamar makaranta a unguwar Ali Ɗan Sofo

“Malam, barka da aiki. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, kuma matan unguwarmu suna matsa mini cewa duk ranar da aka dawo da zaɓen ƙananan hukumomi in fito takarar kansila. Abin da ya fi damuna shi ne zawarawa da marayu da ake kora daga gidan haya. Maigidana yana cewa ɓata lokaci ne, wai ba a taɓa yin kansilan da ya gina wa talakawa gidaje ba a ko'ina. Don Allah an taɓa yi? In an yi, yaya aka yi?”

Amsa

Barka kadai, Malama. A gaida maigida, a kuma ce masa an taɓa yi, sai dai ba yadda masu yaƙin neman zaɓe suke kwatanta shi ba.

Misalin da ya fi fitowa fili a tarihi shi ne na birnin Viyana, babban birnin Ostiriya, da wani ɗan majalisar birnin mai suna Hugo Breitner. An haife shi a 1873, kuma ba ɗan siyasa ba ne tun farko. Ma'aikacin banki ne da ya faro daga ƙaramin akawu har ya kai cikin shugabannin bankin. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ƙare a 1918 sai ya ajiye aikin banki ya shiga majalisar birni, aka damƙa masa sha'anin kuɗi, ya riƙe shi har 1932. Viyanar da ya tarar tana cikin halin da tela mai wasiƙar farko zai gane: leburori cunkushe a ɗakuna marasa iska, famfo da makewayi a waje ana tarayya, tarin fuka ya yi katutu, har akwai waɗanda gado kawai suke haya na wasu sa'o'i, su tashi wani ya kwanta.

Abin da Breitner ya yi bai da ƙawa a baki, shi ya sa ba a cika ba da labarinsa a dandalin siyasa ba. Ya zauna ne ya nemo inda kuɗi zai fito. A 1922 Viyana ta sami matsayin jaha mai cin gashin kanta, abin da ya ba ta ikon ɗora haraji nata. A 1923 aka kafa harajin gina gidaje, wanda aka tsara shi hawa-hawa: mai ɗan ƙaramin ɗaki ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba, mai katafaren gida ya ba da mai tsoka, aka kuma ɗaure kuɗin da sharaɗin cewa ba za a taɓa shi ba sai domin gini. Ya ƙara da haraji a kan kayan alatu, irin su motocin hawa da dawakin ƙawa da gidajen shaƙatawa na dare da tara barori a gida. Ya ƙi yarda a ci bashi domin ginin, kuma wannan shi ne sirrin arhar hayar, tun da ba a biyan kowa kuɗin ruwa. Abin da mazauna ke bayarwa na kula da gini ne da gyare-gyare. A wannan shekara ta 1923 majalisa ta yanke shawarar gina gidaje 25,000 cikin shekara biyar, aka gama kafin lokaci, aka ci gaba, har zuwa 1934 an gina sama da 60,000. Mafi shahara a cikinsu shi ne Karl-Marx-Hof da aka buɗe a 1930, wanda tsawonsa ya zarce kilomita ɗaya. A jikin bangon gine-ginen an rubuta cewa hukumar birnin Viyana ce ta gina su da kuɗin harajin gina gidaje, domin mai biya ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Yau birnin yana riƙe da gidaje wajen 220,000 nasa na kansa.

Kada kuma ki zaci an yi masa tafi. Masu hannu da shuni sun tsane shi, jaridun adawa sun mai da sunansa abin zagi, an haɗa har da cin mutuncin asalinsa na Bayahude. A Fabrairun 1934, lokacin da aka murƙushe jam'iyyarsa, an kama shi an tsare. Daga baya ya bar ƙasar, ya rasu yana gudun hijira a Amurka a 1946. Na kawo wannan ne saboda ki san cewa duk wanda ya taɓa maganar ƙasa da haraji ya taɓo masu ƙarfi, a Turai ne ko a bakin Gulbi.

Yanzu sai mu sauko gida, domin ba na so ki ɗauki rigar wani ki ce lallai sai ta yi miki daidai. Viyana birni ne na masana'antu da masu albashi, wanda ake iya bin kowa da takardar haraji har ƙofar ɗakinsa. Maradi gari ne na fatauci da sana'ar hannu, arzikinsa yana kan hanyar Katsina da Kano, kuma majalisar birni a nan ba ta da ikon ƙirƙiro haraji yadda ta ga dama, sai abin da dokar ƙasa ta ba ta. Mu kuma ba mutanen bene mai hawa shida ba ne. Muna son tsakar gida, da wurin turke akuya, da zauren da baƙo zai tsaya. Amma abubuwa biyu daga aikin Breitner suna iya tsallako teku ba tare da sun lalace ba. Na ɗaya, birnin ya yi ta sayen ƙasa yana tarawa lokacin da take da arha, mu kuwa sayarwa muke yi. Na biyu, an ɗaure kuɗin gidaje a wuri ɗaya, ba a bari ya narke cikin man mota da kuɗin zama ba. Kansila a Maradi tana iya neman a rubuta cikin kasafi cewa wani kaso na kuɗin kowane fili da aka sayar ba zai tafi ko'ina ba sai ga hanyar ruwa da famfo na unguwar da aka yanka, tana kuma iya neman a liƙa lissafin a allon ma'aikatar magajin gari kowa ya karanta.

Na taɓa halartar zaman kasafi a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba, lokacin ina ɗauko rahoto. Zafi ake yi, fanka ɗaya ce ke juyawa, an karanta shafuffuka da Faransanci da sauri, yawancin kansiloli sun ƙosa a ɗaga hannu a je salla. Sai wata dattijuwa daga kujerun baya ta buɗe wani littafin ƴan makaranta mai bangon shuɗi da ta naɗe cikin leda, ta ce a yi mata haƙuri, ita ba ta yi nisa a boko ba, amma bara an ce an ware fili domin makaranta a sabon yanka, ta rubuta lambarsa, ga ta nan, shekaranjiya kuma ta wuce ta ga ana zuba harsashin shaguna a wurin. Zauren ya yi tsit. Shugaban zama ya ce za a bincika, ta ce to a rubuta cikin takardar zama cewa ta tambaya, ta kuma ƙi zama sai da magatakarda ya karanta mata abin da ya rubuta. Ban ga wani jawabi da ya fi wannan amfani ba a duk kwanakin da na yi a garin.

Game da takararki, doka tana gefenki fiye da da. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe ga kowane jinsi, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019. Illar da na sha gani ita ce jam'iyya ta sa sunan mace domin cike gurbi kawai, ta zo ta yi shekara biyar ba a ji muryarta ba. Ke da kike da alli a hannu ba ki da wannan uzuri. Tun yanzu, kafin a buga gangar zaɓe, ki koyi karanta kasafin kuɗi da taswirar yankan filaye, ki san bambancin takardar sayarwa da hukumar birni ke bayarwa da cikakkiyar takardar mallaka, ki kuma fara rubuta sunayen zawarawan nan da abin da kowace ke biya a wata. Ranar da za ki tsaya a zaure, wannan littafin ne zai yi magana.

Tambaya daga wani matashin ma'aikacin jinya a unguwar Burja

“Ranka ya daɗe, kullum muna ji a rediyo ana maganar gidajen jama'a masu sauƙin kuɗi, an ma buɗe bankin gidaje. Amma duk wanda na tambaya sai in ji farashin ya fi ƙarfina, alhali ina da albashi. To wa ake gina wa?”

Amsa

Ɗana, tambayarka ta fi amsar da zan ba ka kaifi. Ƙasar nan tana da manufar muhalli a rubuce tun dokar Disamba 1998, tana da kamfanin SONUCI mai gina gidaje, an kuma buɗe bankin gidaje na Nijar a ƙarshen 2018. Mu nan mun ga aikin Maradi Kwalliya na bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba 2015, wanda ya bar mana tituna da gine-gine da ba za a raina ba, sai dai kwalliyar gari daban, matsugunin talaka daban.

Bari mu yi lissafin da ko ɗan firamare zai iya. Mu ɗauka, a misali kawai, an ce maka gida miliyan 10 na sefa, za ka biya cikin shekara 20 ba tare da ko dala ta ruwa ba. Wata 240 ke nan, kowane wata kusan jika 42, wato sefa 42,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 shi ne jika 42 cif. Ka ga ke nan mai ƙaramin albashi zai miƙa duk abin da ya samu ya kwana da yunwa a cikin sabon gida, balle tela da mai tura kura da mai sayar da ƙosai, waɗanda ba su da takardar albashin da banki ke tambaya tun daga ƙofa. Irin waɗannan gidaje suna da amfaninsu ga matsakaitan ma'aikata, amma kiran su gidajen talakawa ba daidai ba ne.

Yadda mutanen Maradi suke mallakar gida a zahiri kai ma ka sani, domin watakila haka mahaifinka ya yi: a sami fili, a kewaye, a yi ɗaki ɗaya da makewayi a tare, bayan shekara biyu a buga bulo ɗari biyar a ajiye, in an sami sarari a ƙara ɗaki. Matanmu sun daɗe suna tara kuɗin kwanon rufi da ƙofa ta hanyar asusu, kuma tsarin Mata Masu Dubara da ya bazu har ƙasashen waje a nan jahar ya samo asali a 1991. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban 2024, bayan ambaliyar wannan shekara, ya fi kusa da irin taimakon da mai gini kaɗan-kaɗan yake ji a aljihunsa. Abin da ya rage shi ne fili mai takarda sahihiya, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, da bashi ƙarami da za a iya biya ba tare da takardar albashi ba.

Tun da kana da albashi, shawarata ita ce ka fara da fili, ka bar maganar gamammen gida tukuna. Kafin ka ba kowa ko jika ɗaya, ka karɓi lambar karen da ta rukunin da yake ciki, ka je da ƙafarka ofishin kula da filaye na birni a duba maka sunan da ke cikin rajista, domin fili ɗaya da takarda biyu ba baƙon abu ba ne a kotunanmu. Kada ka yarda da nuni daga cikin mota. A kai ka har kan duwatsun iyaka, ka ƙirga su huɗu. In kuma da hali, ka jinkirta cinikin har watan Agusta, ka koma wurin da safe bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda ruwan ya bi da inda ya tsaya.